Yadda Ake Girkin Cika-ciki, Daga Jelar Ragon Layya Zuwa Ɗumamen Asuba

A ƙauyukanmu na arewacin Kano, tun daga Minjibir da Dawakin Tofa har Bichi da Ɗambatta da Makoɗa, inda gonar wannan ke jingine da ta wancan, ba kasafai za ka ji an ce Muharram ba sai a bakin malamai. Watan Cika-ciki muke ce masa. Dare ɗaya ne ya jawo wa watan wannan suna, daren da ke tsakanin 9 da 10 ga wata, wanda kowane gida ke ɗora tukunyar da ta fi ta kullum, a ci a ƙoshi, a miƙa wa na waje.

Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana 10 ko 11, shi ya sa Cika-ciki ke zagaya damina da kaka da rani, sai bayan kimanin shekara 33 ya dawo inda ya taso. An shiga 1446 a watan Yulin 2024, an shiga 1447 a ƙarshen Yunin 2025. Ke nan a 'yan shekarun nan bikin yana faɗowa farkon damina, lokacin da rumbu ya ja baya, iri ya shiga ƙasa, maza na bakin noman fari, hatsi kuma ya yi tsada tun daga kasuwar Dawanau. Girkin da kakanninmu suka yi cikin yalwar kaka, mu dole mu yi shi da lissafi. Amma yana yiwuwa, muddin an fara shiri da wuri.

Da wurin kuwa shi ne ranar layya, wata guda cur kafin daren. Nan aikin farko yake. Ana cikin rabon nama, ki ware jelar ragon tare da ɗan naman gindinta, ki haɗa da ƙafafu, in da hali da wani ɓangare na kai ko haƙarƙari. A babbake gashin, a kankare da wuƙa, a wanke tas. Ki tsattsaga duk inda tsoka ta yi kauri don gishiri ya ratsa, ki shafe shi da gishiri da dakakken barkono da citta. Da rani rana kaɗai ta isa ta busar da shi. Da damina kar ki yarda da rana. Kyafe shi za ki yi a kan garwashi marar harshe, kina juyawa, kwana 2 ko 3, har ya daina ɗigar da mai, ki ƙwanƙwasa ki ji ya yi ƙarau. Daga nan ki zarge shi da igiya ki rataye a madafa, daidai inda hayaƙin murhu ke bi kullum, nesa da tsallen kyanwa.

Na taɓa yin asarar jela guda tun ina amarya. Tsoron ƙuda ya sa na ƙulle ta a leda na jefa cikin tukunya na rufe. Da na buɗe bayan sati 2, fumfuna ta lulluɓe ta, warin kuma ya isa ya kori mutum daga ɗaki. Surukata ta leƙo ta gani, ba ta yi faɗa ba, sai ta ce, "Ke 'yar nan, ai nama numfashi yake yi, in kika toshe masa hanci sai ya ruɓe." Na ce, "To Iya, yanzu yaya za a yi?" Ta shiga ɗakinta ta sauko da tata daga ragaya ta ba ni rabi. Tun daga ranar, kwando ko buhun algarara nake sa wa, kuma duk bayan kwana 4 ko 5 sai na sauke na duba, na sake nuna masa wuta. Abu ɗaya da nake roƙon kowace mace: kada a kusantar da fiya-fiya ko wani maganin ƙwari ga naman da za a ci, ko da a jikin buhu ne. Hayaƙi da barkono sun wadatar.

Aiki na biyu na hatsi ne, ranar 7 ko 8 ga wata. Gida mai mutum 15, kwano 2 na dawa zai ishe su har a fitar wa maƙwabta. Farafara ta fi ba da tuwo mai haske da laushi, kaura kuma ta fi riƙe ciki, wanda ke da amfani ga mai azumi. A yayyafa ruwa a surfa, a bakace dusar, a wanke, a rege tsakuwa, a baza a tabarma ta sha iska. Dusar da ƙasarin na awaki ne. Kai niƙa ranar 8, domin ranar 9 layin inji sai ya kai bakin hanya, kuma garin da aka tankaɗe da ɗuminsa ba ya yin tuwo mai kyau. A ranar ki ware rabin kwano na masara a ɓarza miki tsaki, za mu zo kansa.

Ranar 9 da hantsi, sauke naman ki jiƙa shi a ruwan ɗumi kamar awa 2. Goge baƙin hayaƙin, ki sassara shi gunduwa-gunduwa. Ɗora shi a ruwa ya tafaso sau ɗaya, ki zubar da wannan ruwan na farko, shi ke tafiya da ɗacin hayaƙi da yawan gishiri. Sake sabon ruwa, ki jefa albasa da citta da kanumfari kaɗan, ki rage wuta. Busasshen nama ba ya son gaggawa. Ba shi awa 2 zuwa 3 a tukunyar ƙasa, in akwai, har fatar ƙafa ta saki, romon ya yi kauri yana kama leɓe. Wannan romon shi ne miyar, sauran duk rakiya ce.

Yanzu daka daddawa kamar ƙwallo 4 da barkono da masoro da albasa, ki zuba cikin romon, ki bar su su dahu sosai, aƙalla rabin awa, har gafin daddawar ya fita ƙamshinta ya tashi. Kar ki sa gishiri sai kin ɗanɗana, naman ya riga ya kawo nasa. Tsame naman a kwano kafin kaɗi, in ba haka ba maburgi ba zai juya ba. Janye itace, ki riƙa barbaɗa kuka da hannun hagu kaɗan-kaɗan, dama na kaɗawa ba tsayawa. Wadda ta zuba kuka lokaci guda ita ke samun gudaji. In ta yi kaurin da ke bin ludayi a hankali, mayar da naman, ki bar ta minti 5 a kan garwashi ba tare da murfi ba. Mai son busasshiyar kuɓewa haka za ta bi. Ni dai a wannan dare kuka na fi so, domin ita ce ke iya ɗaukar ƙarfin kyafaffen nama ba ta ɓace a ƙarƙashinsa ba. Man shanu a soya shi daban da albasa, a zuba a kan miya lokacin ci.

Tuwo kowa ta iya, sai dai na taro yana da nasa sharaɗi. Ruwa ya tafasa sosai, ki jefa 'yar kanwa. Dama kashi ɗaya cikin uku na garin da ruwan sanyi, ki zuba kina juyawa, wannan shi ne talge. Rufe shi ya dahu minti 20 ko fiye. Yawancin tuwon da ke tsami ko ya saki kafin safiya, talgensa ne bai nuna ba, mu kuwa muna buƙatar wannan tuwon ya kwana. Sai ki riƙa zuba sauran garin kina tuƙawa da muciya har ya haɗe, ki yayyafa ruwa, ki rufe ya sulala minti 10, ki sake tuƙawa sau ɗaya. Tsoma mara a ruwa ki kwashe, malmala ƙanana, don rabo ya yi sauƙi.

Tsakin nan na dambu ne, kuma nan damina ke rama mana abin da ta hana. Zogale ya yi sabon toho, rama da tafasa sun fito a bakin gona. Wanke tsakin ki tsane, ki turara a madambaci har ya yi laushi, ki juye a ƙwarya, ki haɗa da gyararren zogale da albasa da attaruhu da gishiri, ki mayar ya sake turara har ganyen ya nuna. Man gyaɗa da dakakken ƙuli-ƙuli a kai. Rabin kwano na tsaki, in ya sha ganye, sai ya ciyar da yara 10. Idan maigida ya ce a yanka wani abu, a kama zakara, a bar zabuwa, domin damina ce lokacin ƙwanta. A dafa ƙwan zabin a ba yara ɗai-ɗai.

Ba mu kaɗai ke tarar sabuwar shekara da cikakkiyar tukunya ba. Sinawa, waɗanda wasunsu ke kasuwanci a Kantin Kwari, sabuwar shekararsu na faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, kuma babban abin da ke cikinta shi ne cin abincin daren jajibere, iyali duka a wuri ɗaya. Suna dafa kifi sukutum, su rage saura da gangan, domin a harshensu kalmar kifi da kalmar rara amonsu ɗaya. A arewacin ƙasar suna naɗe niƙaƙƙen nama da ganye a cikin kwaɓin alkama, a siffar curin azurfa da zinariyar da aka yi ciniki da su a da. Taliyarsu kuma ba a gutsura ta kafin dafawa, tsawonta fatan tsawon rai ne. Abin da ya burge ni shi ne rage saurar nan. Mu ma ba ma sauke tukunyar Cika-ciki a kankare ta ƙarƙaf.

Sai rabo, wanda a wurina ya fi girkin muhimmanci. Kafin kowa na gida ya sa hannu, a fitar da kwanon tsofaffin unguwa, da na matar da mijinta ya rasu, da na gidan da kika lura hayaƙinsu bai tashi ba yau. A ƙauye ba a ɓoye wannan, katangar kara ce tsakani. A aiki yara tun kafin magariba, kowane kwano da tsokarsa a kai, kada a aika gaya da miya tsura. A ware malmala 5 ko 6 na almajirai, da zafinsu. Taubasai kuma za su shigo neman kuɗin shara da tsokanar da aka saba a wannan wata, a tanadar musu nasu.

Da yawa a gidan suna azumin Tasu'a ranar 9, gobe kuma Ashura. Don haka a fara buɗa-baki da ruwa da kunun tsamiya ko fura, a yi sallah, sannan a zauna wa tuwo. Muna yara ana ce mana wanda bai ƙoshi a daren nan ba, haka zai ƙare shekara da yunwa, har wasu su ci su kasa tashi. Malamai sun yi ta jan kunne cewa wannan magana ba ta da tushe a addini, sun kuma saɓa a kan ingancin ruwayar yalwata wa iyali ranar Ashura. Kada a tilasta wa yaro ci. A zuba masa, in ya ƙoshi ya tashi.

Kafin ki kwanta, ware malmalar da ta rage a akushi ko ƙwarya, ki rufe da faifai, ban da murfin roba mai sa gumi. Miyar ki tsame ƙashin jelar ki ɓoye, ki sake tafasa ta, ki sauke, kada cokalin da aka ci da shi ya koma ciki. Da asuba yanka tuwon fala-fala, ki jera a tukunya da ɗan ruwa a ƙasa, ki rufe ya turara har zafi ya ratsa tsakiyarsa. Ɗumama miyar ta tafaso, ki jefa ƙashin jelar da kika ɓoye tun daren jiya, ki tashi masu sahur.