Namiji Ko Mace: Daga Ina Jinsin Ɗan Dabba Yake Fitowa?

Kowane mai kiwo yana da irin ɗan da yake so dabbarsa ta haifa. Mai sayar da nono maraƙa yake so. Mai kiwon Sallah ɗan rago yake so. Mai kiwon alade da ke son garkensa ya yi yawa, kamar a yankin Kafanchan, mata yake so. Saboda haka wani yakan sayar da uwa mai kyau don ta jera maza. Wani kuma yakan kashe kuɗi wajen sayen maganin haihuwar mata. Duka biyun asara ce.

Yadda Abin Yake

A cikin maniyyin namiji akwai ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Iri biyu ne. Masana suna kiran ɗaya X, ɗaya kuma Y. Ƙwan da ke cikin uwa kuwa X kaɗai yake ɗauke da shi. Idan ƙwayar X ce ta shiga ƙwan, za a haifi mace. Idan Y ce, za a haifi namiji. Ke nan daga wajen uba abin yake zuwa. Haka yake ga shanu, awaki, tumaki da aladu.

Yawan X da Y kusan ɗaya ne. Don haka a cikin haihuwa 100, maza da mata sukan zo kusan rabi da rabi. Akuyar da ta jera maza sau uku ba ta da laifi, dace ne kawai. Kaji ne suka bambanta. A wajensu jinsin ɗan tsako daga kaza yake fitowa, ba daga zakara ba.

Ana Iya Zaɓe?

A shekarar 1989 masana a Amurka suka yi nasarar ware X daga Y da na'ura. Da zomaye suka fara, daga baya aka gwada a aladu da shanu. Idan aka ɗura wa shanu maniyyin da aka ware, cikin 'yan maruƙa 10 kusan 9 sukan zo yadda aka zaɓa.

Amma aikin yana da tsada, kuma na'urar ba ta da sauri. Saniya ƙwayoyi miliyan 2 sun ishe ta. Alade kuwa yawanci biliyan 2 zuwa 3 ake ɗura mata. Shi ya sa dabarar ta fi yaɗuwa a shanu. Babu wani saiwa, gari ko allurar kasuwa da ke yin wannan aiki.

Abin Da Mai Kiwo Zai Yi

1. Kada ya sayar da uwa mai lafiya don ta haifi maza.
2. Kada ya sayi maganin zaɓen jinsi.
3. Ya ajiye namiji mai kyau don barbara. Bunsuru ɗaya ya ishi awaki 20 zuwa 25. Namijin alade ɗaya ya ishi mata 15 zuwa 20.
4. Sauran mazan ya sa malamin dabbobi ya dandaƙe su tun suna ƙanana. Ya turke su, in sun yi ƙiba ya sayar, ya sayo mata da kuɗin.

Tambayoyi

1. Daga wajen wa jinsin ɗan akuya yake zuwa?
2. Ta yaya kaji suka bambanta?
3. Me mai kiwo zai yi da mazan da suka yi masa yawa?