Sandar da Baba ya dawo mana da ita

Ni malamin lantarki ne a wata makarantar sakandaren fasaha a nan Duwala, kuma ranar Asabar nakan zauna da wasu ɗalibai a wani ɗan shago kusa da gidana a Ndogpassi, muna haɗe-haɗe. Mota mai bin layin da aka ja mata a ƙasa, mutum-mutumi mai ɗaga hannu, fitila mai kunna kanta in duhu ya yi. Kusan kowace shekara kuma sai an sami rukunin da zai ce shi sandar makafi zai ƙera. Ina jin daɗin wannan niyya, amma akwai kuskuren da muka tafka a kanta, kuma ina ganin malamai da ɗalibai da yawa suna maimaita shi.

Ga wanda bai san yadda sandar take aiki ba, dabarar jemage ce. Akwai wata ƴar na'ura mai idanu biyu, HC-SR04, da ke fitar da sauti mai kaɗawa sau 40,000 a daƙiƙa, wanda kunnen ɗan Adam ba ya ji. Sautin ya bugi abin da ke gaba ya dawo. Tunda sauti na cin kimanin mita 340 a daƙiƙa, ƙaramar kwamfutar nan Arduino, wadda aka ƙirƙiro a Italiya a 2005 don ɗalibai, sai ta lissafa nisan abin daga lokacin da ya ɗauka. Tana gani daga santimita 2 har zuwa wajen mita 4. Yarana suka ɗaura wannan a ƙasan bututun roba, suka sa ƙararrawa mai tsuwa idan an kusanci abu. A cikin aji suka rufe ido da ƙyalle, suka zagaya kujeru ba tuntuɓe, aka yi ta tafi. Ni ma na tafa.

Sai muka kai wa wani dattijo makaho a unguwar Hausawa ta New Bell, kakan ɗaya daga cikin yaran. Ya shafa ta tun daga sama har ƙasa, ya sa albarka, ya karɓa. Kwana uku ya aiko jikan da ita.

Da na je, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ko mun yi laifi ne?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, ba ku yi laifi ba. Amma sandarku surutu gare ta. Ni da kunne nake tafiya, ita kuma ta cika min kunnen."

Ya zauna ya yi mana karatu, mu da muka zo da ilimi. Shi da jin ƙarar inji yake sanin ta ina babur ya taho, da amon takunsa yake gane ya shiga lungu ko ya fito fili. Ƙararrawarmu ta toshe masa wannan. A hanyar Kasuwar Nkololoun kuwa, inda mutane ke gogar juna, tsuwar ba ta tsayawa, har yara suka fara binsa. Sannan mun tara batir da wayoyi a ƙasan sanda, ga shi makaho yini yake yana kaɗa ta dama da hagu, sai wuyan hannunsa ya yi tsami. Babban abin da yake tsoro kuma, buɗaɗɗen lambatu, na'urar da ke kallon gaba ba ta san da shi ba, domin rami ba ya dawo da sauti kamar bango. Ruwan Duwala, wanda duk mun san halinsa a watannin Yuli da Agusta, shi ya ƙarasa ta a rana ta uku. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na tambaye shi to me yake so. Ya kama hannuna ya ɗora a goshinsa, na ji tabo. Abin da ke ƙasa, in ji shi, tsohuwar sandarsa ta ishe shi. Abin da ke sama ne ke cutarsa: bakin kwanon rumfa, allon talla, murfin tagar da aka buɗe waje, bayan babbar motar da aka ajiye a gefen hanya. Sanda na wucewa ta ƙarƙashinsu lafiya lau, fuska ce ke karo.

Da wannan muka koma shago. Muka bar masa sandarsa yadda take, muka yi ɗan ƙaramin akwati da ake maƙalawa kusa da mariƙi, idanun na kallon tsayin ƙirji da kai. Maimakon ƙararrawa, muka ciro ɗan injin da ke sa waya rawa daga matattun wayoyi, ya zama tafin hannu ne ke jin gargaɗin. Wata yarinya a cikinsu, wadda da ƙyar mahaifinta ya bar ta tana zuwa, ita ta kawo shawarar a toshe gaɓoɓin akwatin da robar tayar keke saboda ruwa. Sabuwar na'urar ba ta yi kyan ta farko ba, ko kaɗan. Ita ce dai ba a dawo mana da ita ba.

Ɗalibai na son labarin Arthur Zang, ɗan ƙasarmu da ya ƙera Cardiopad, allon da ke auna bugun zuciyar majinyaci a ƙauye ya tura wa likita a birni, har ya ci kyautar Rolex a 2014 da kyautar injiniyoyin Afirka a 2016. Abin da ba a cika faɗa musu ba shi ne ya zauna a asibiti a Yawunde yana koyo a hannun likitan zuciya, Farfesa Samuel Kingue. Haka kekunan guragu na Kano, masu feda a hannu: ƙungiyar waɗanda shan inna ta taɓa, su Aminu Ahmed Tudun Wada, su ne ke waldarsu, shi ya sa suke jure hanya kuma kowane mai gyaran keke zai iya taɓa su. Shi kansa Louis Braille makaho ne, yana ɗan shekara 15 ya tsara rubutun ɗigo shida a 1824.

Wani abu kuma da ya shafi lafiyar yaran. Don sauƙin kuɗi mukan ciro batir daga tsofaffin kwamfutocin hannu. Irin wannan batir, idan aka huda shi, ko bakinsa biyu suka haɗu, ko aka yi masa caji ba tare da ɗan allon kariya ba, wuta yake kamawa. Wanda ya kumbura kada a taɓa amfani da shi, kuma kada yaro ya yi wannan aiki a ɗakin kwana shi kaɗai.

Ƙasar nan tana da doka tun 13 ga Afrilun 2010 kan kare haƙƙin naƙasassu, amma har gobe a unguwanninmu yaro ne ɗan jagora, lokacin da tsaransa ke aji. Akwatinmu bai raba Baba da jikansa ba in za a yi nisa. Zuwa masallaci da dawowa ne yake yi shi kaɗai ba tare da fargabar rumfuna ba.

Malamai ƴan'uwana, kafin ku sa hannu a kan aikin ɗalibi na ƙarshen shekara, ku tambaye shi sunan wanda zai yi amfani da abin, da sau nawa suka zauna tare. Iyaye kuma, matacciyar wayar da ke cikin durowa kada a jefar da ita, a ba yaran nan. Wanda yake da makaho, ko kurma, ko gurgu a gida, ya nemi izininsa ya haɗa mu da shi, mu zo mu ji ta bakinsa tukuna.