Yadda Ake Auna Ɓarnar Ciwo Mai Daɗewa Ga Yara

Babu ɗalibin da bai san ciwo ba. Wani ya taka ƙaya, wani ya kwana bai runtsa ba saboda haƙori. Irin wannan kwana biyu yake yi ya wuce. Amma akwai wanda likitoci ke kira ciwo mai daɗewa, wato wanda ya wuce wata uku yana cin mutum, ko kuwa yana tafiya yana dawowa. A ƙasarmu babban misalinsa shi ne amosanin jini, wanda aka fi sani da sikila.

Ga yadda abin yake. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya zagayayyu ne masu laushi, suna yin kamar kwana 120 kafin su mutu. Na mai sikila kuwa sukan lanƙwashe kamar lauje, su yi tauri, ba su wuce kwana 10 zuwa 20 ba. In suka cushe a ƙananan hanyoyin jini sai jini ya kasa wucewa, nan take ƙashi ya ɗauki zugi. Sanyi da ƙishirwa da zazzaɓin cizon sauro da aikin wahala duk suna tayar da shi. Wani likita a Amurka, James Herrick, shi ya fara bayyana siffar ƙwayoyin a 1910. Gadonsa ake yi daga uwa da uba, ba a ɗaukarsa wajen cin abinci ko zama benci ɗaya. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai wajen 150,000 da shi a Nijeriya kowace shekara.

To, yaya ake auna ciwo, alhali ba a ganinsa? A asibiti akan ce wa babban yaro ya zaɓi lamba daga 0 zuwa 10. Ƙaramin yaro kuwa sai a nuna masa zanen fuskoki shida, daga mai murmushi har mai hawaye, ya nuna tasa. Wannan awo yana da amfani, amma zafin ranar kaɗai yake faɗa. Ba ya faɗin abin da ciwon ya ƙwace wa yaro a cikin jama'a. Don haka masana suka shirya tambayoyi dabam. Akwai wata takarda da ake kira PedsQL mai tambaya 23, game da jiki, da zuciya, da zama da abokai, da makaranta. Ana tambayar yaro dabam, iyayensa dabam, domin sau da yawa amsarsu ba ta zama ɗaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na makaranta shi ya fi sauƙin aunawa, don rajistar aji ba ta ƙarya. A ce zangon karatu kwana 60 ne, yaro ya kwanta kwana 15. Kashi ɗaya cikin huɗu ke nan ya tafi. In darasin lissafi ne, wanda kowane babi ke hawa kan na baya, sai ya dawo ya tarar an yi masa nisa. Ranar jarrabawa ya faɗi, a rubuta masa "ba ya ƙoƙari", alhali kuwa ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba.

Na abokai shi ne mai wuyar awo, kuma a ganina shi ya fi ciwo. Za a raba 'yan ƙwallo, a tsallake shi, wai kada ya faɗi a hannunsu. Za a fita shara da sanyin asuba lokacin hunturu, ya nemi uzuri, wani babban ɗalibi ya ce lalaci ne, tun da jiya ya gan shi yana dariya. Ga shi ciwon kan jinkirta girma, ɗan shekara 16 ka gan shi kamar ɗan 12, idanunsa sun yi rawaya, sai a laƙaba masa suna. Yarinya kuma tun ba ta gama makaranta ba take jin ana raɗa, wai wa zai kwashi jinya. Mai bincike a nan ba zai tambayi "ina ke maka ciwo" ba. Zai tambaya: wa kake cin abinci da shi? Yaushe rabonka da wasa? In ka kwanta, wa ke kawo maka littafinsa ka kwafa?

A gida ma akwai lissafi. Uwa ta bar sana'arta ta tare a asibiti, kuɗin hatsi ya tafi wajen magani da ƙarin jini, ƙanne su ga kamar an fi son ɗaya.

Akwai abin da ke ɓata wannan awo duka, wato ɓoyewa. Mun saba yabon mai dauriya, yaro kuma yana gudun a ce masa raggo. A ɗakin kwananmu akwai wanda yakan cusa bakin bargo a baki cikin dare don kada mu ji nishinsa. Da safe malamin ɗakin magani ya tambaye shi lamba nawa, ya ce uku. Mu da muka kwana kusa da gadonsa mun san ta fi takwas.