Kafin ka kira kanka akitek ɗin kwamfuta

Duk wanda ya taɓa kwana yana sake loda shafin fotal a makon rajista ya san aikin da zan yi magana a kai, ko da bai san sunansa ba. Dubban ɗalibai sun afka wa shafi ɗaya lokaci guda, sabar ta gaji, an cire maka kuɗi a banki amma rasit bai fito ba. A ƙa'ida akwai mutumin da ya kamata ya zauna tun kafin a rubuta layin kod ko ɗaya, ya tambaya: mutum nawa za su shigo a ranar da ta fi cunkoso? In wuta ta ɗauke fa? In banki ya amsa amma fotal bai ji ba, wa zai sasanta su? Wannan mutumin shi ake kira solushan akitek. Shi ne mai zana gidan, masu rubuta manhaja kuma su ɗora bulo.

Ina ND II, kuma gaskiya ni ma da farko albashin da ake yaɗawa a WhatsApp ne ya ja hankalina. Na ɗauka in ka ci jarrabawa ɗaya shi ke nan. A wata huɗun da na yi ina SIWES ne na gane kuskurena. Ogan da na zauna a ƙarƙashinsa kusan bai taɓa rubuta kod a gabana ba. Aikinsa tambaya, zane a allo, da lissafin kuɗi. Wata rana wani mai asibiti ya zo yana son a kai duk bayanan majinyatansa kilawud. Oga ya tambaye shi sau nawa intanet ke yankewa a unguwarsu, ya kuma tuna masa cewa dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafi irin waɗannan bayanai. Ƙarshenta ya ba shi shawarar ƙaramar saba a cikin asibitin, tare da kwafin ajiya da ake turawa kilawud kowane dare. Ni a raina na ce wannan ai tsohon yayi ne. Daga baya na gane cewa zaɓen abin da ya dace da aljihun mutum da wutarsa da netwok ɗinsa shi ne aikin gaba ɗaya.

Shi ya sa da wuya ka ga an ɗauki sabon mai difloma kai tsaye a wannan muƙami. Yawanci mutum kan fara da kula da netwok, ko rubuta manhaja, ko gudanar da sabobi, ya yi shekaru yana ganin yadda abubuwa ke lalacewa, sannan a amince masa ya tsara wa wasu.

To me za mu yi tun yanzu? Netwok ne farko. In ba ka san yadda ake raba adireshin IP ba, ko abin da DNS ke yi, kilawud zai zame maka haddar sunaye kawai. Sai Linux, don yawancin sabobin duniya a kansa suke. Sai rumbun bayanai da SQL, da yare ɗaya kamar Python wanda ka iya da gaske. Duk waɗannan suna cikin manhajar karatunmu, mu ne dai muke karanta su don jarrabawa mu watsar. Mai shirin komawa HND kuma ya lura: hukumar NBTE ta raba kwas ɗin kimiyyar kwamfuta gida huɗu, kuma ɗaya daga ciki netwok da kilawud ne. A ganina shi ya fi kusa da wannan hanya.

Batun satifiket fa, ba na raina shi. AWS Certified Solutions Architect – Associate tambaya 65 ce cikin minti 130, ana ci da maki 720 cikin 1000, kuma bayan shekara uku sai an sabunta. Kuɗinta dala 150. Ku buga da canjin yau ku ji. Su kansu AWS suna ba da shawarar ka yi kamar shekara guda kana aiki da hannunka kafin ka zauna. A ɓangaren Microsoft, ba za a ba ka shaidar akitek ta AZ-305 ba sai kana da ta AZ-104. Akwai kuma TOGAF, amma wannan ta manya ce, a bar ta tukuna. Don Allah kada ka sayi tambayoyin da ake sayarwa a Telegram ka haddace. Ko ka ci, ranar intabiyu za a miƙa maka maka a ce zana mana, nan asiri zai tonu.

Abin da muka fi sakaci da shi shi ne magana da rubutu. Akitek yana zama da akanta da manaja waɗanda ba ruwansu da sunan fasaha, so suke su ji nawa za a kashe a wata da abin da zai faru in an ƙi kashewa. Wannan kwas ɗin Turanci da muke tsallakewa, da difens ɗin furojet da muke tsoro, a nan suke biya.

Ni dai ga abin da na ɗaura wa kaina a shekarar IT: zan ɗauki fotal irin namu in zana shi a takarda, da mai raba cunkoso a gaba, sabobi biyu a bayansa, rumbun bayanai da kwafinsa, sannan in lissafa kuɗin wata guda da kalkuletar farashi ta AWS, wadda kyauta ce. Na riga na fara, na kuma maƙale a wuri ɗaya: yadda za a tabbatar ba a caji ɗalibi sau biyu ba in ya danna biya netwok ya yanke. Wanda yake da dabara ya same ni a lab bayan la'asar.