BABI NA TARA: TAFIYAR NISA A KAN KEKE CIKIN AYARI

9.0 Gabatarwa

Keke ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A kudancin birnin Kaduna, tun bayan da aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri a shekarar 1957, ma'aikata da dama mazauna Nasarawa da Makera da Kakuri a kan keke suka riƙa zuwa wurin aiki. To amma hawan keke zuwa aiki ko kasuwa daban yake da tafiyar nisa cikin ayari. Wannan babi zai yi bayanin abin da ya kamata sabon shiga ya sani kafin ya shiga irin wannan tafiya. An ɗauki hanyar Nasarawa zuwa Zariya a matsayin misali. Ana sa ran ɗalibi mai koyon aikin malanta zai fahimci batun, ya kuma naƙalci keɓaɓɓun kalmominsa.

9.1 Ma'anar Tafiyar Ayari

Idan aka ce tafiyar ayari a kan keke, ana nufin mahaya da yawa su tashi tare, su bi hanya ɗaya mai tsawo, su kuma isa tare. Ta sha bamban da tsere, domin a tsere kowa so yake ya riga ɗan'uwansa. Fitattun misalan tsere su ne gasar Tour de France ta ƙasar Faransa, wadda aka fara a 1903, da Tour du Faso ta Burkina Faso, wadda aka fara a 1987. A Nijeriya ma wasan ya samu ci gaba, domin a 2024 Ese Ukpeseraye ta zama ta farko da ta wakilci ƙasar a tseren keke na wasannin Olamfik a birnin Paris. Tafiyar ayari kuwa akan shirya ta ne don motsa jiki, ko zumunci, ko wayar da kai, kamar yadda ake yi a Ranar Keke ta Duniya, wato 3 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware a 2018. A nan, ba a cewa an yi nasara sai na ƙarshe ya iso lafiya.

9.2 Tsarin Ayari

Bahaushe ya daɗe da sanin tsarin ayari. A zamanin da, fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro suna da madugu mai shugabantar tafiya, da jagaba mai wucewa gaba don duba hanya, da kuma zango inda ake yada kaya a huta. Ayarin keke ma haka yake. Akwai shugaba wanda yake ƙayyade gudu da wuraren tsayawa. Akwai na gaba wanda ya san hanya. Akwai kuma gogaggen mahayi a can ƙarshe, wanda aikinsa shi ne ya tabbatar ba a bar kowa a baya ba. Idan da hali, mota kan biyo baya da ruwa da kayan gyara da akwatin taimakon gaggawa. Wajibi ne sabon shiga ya san waɗannan mutane tun kafin a tashi.

9.3 Shiri Kafin Ranar Tafiya

Shiri iri biyu ne: na jiki da na keke.

(a) Shirin jiki. Wanda bai saba wuce kilomita 10 ba, kuskure ne ya wayi gari ya ce zai yi 80. Ya kamata ya yi atisaye na kimanin wata biyu, sau uku a mako, yana ƙara tsawon tafiyar kaɗan-kaɗan. Idan ya iya yin kashi biyu bisa uku na tsawon hanyar ba tare da galabaita ba, to ya shirya. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko ciwon sukari ko asma, sai ya fara neman shawarar likita.

(b) Shirin keke. A kai keke wurin mai gyara mako guda kafin tafiya. A duba birki na gaba da na baya, da tayoyi, da wayoyin ƙafa, a kuma sa wa sarƙa mai. A daidaita tsayin sirdi yadda idan feda ta sauka ƙasa, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa kaɗan. Sirdin da ya yi ƙasa da yawa yana jawo ciwon gwiwa. Kada a canza sirdi ko takalmi ana gobe tafiya, domin abin da jiki bai saba da shi ba yakan zama fitina a hanya. Kowane mahayi ya riƙe famfo da tub na ko-ta-kwana da faci da sholisho da sifana, ya kuma koyi yin faci da hannunsa. Hular kwano da riga mai haske ba abin wasa ba ne.

9.4 Ladubban Tafiya Cikin Ayari

Babban abokin gabar mai keke shi ne iska. Wanda yake bin bayan wani kurkusa yakan samu sauƙin da ya kai kusan kashi ɗaya bisa uku na ƙarfin da zai kashe. Wannan ne dalilin da ya sa ake jeruwa, ana karɓa-karɓar zama a gaba. Sai dai kusancin nan yana da haɗari, saboda haka sai da ƙa'idoji:

i. Sabon shiga ya bar tazarar da ta kai tsawon keke guda tsakaninsa da na gabansa, har sai ya goge.
ii. Kada tayarsa ta gaba ta shiga gefen tayar bayan na gabansa. Da zarar sun gogu, na baya ne yake faɗuwa.
iii. Kada ya danne birki kwatsam. Ya rage gudu a hankali, ya kuma sanar da baki.
iv. Ya nuna rami ko yashi ko kwalba da hannu, domin na baya ba ya ganin hanya.
v. Ya tsare hannun dama, wanda shi ne hannun tuƙi a Nijeriya tun 1972, kuma a bi layi ɗaya a inda motoci suka yi yawa.
vi. Kada ya kama jikin babbar mota don ta ja shi, kuma kada ya toshe kunnensa da abin sauraren waƙa.

9.5 Ci da Sha

Abincin da jiki ya tara don aiki mai ƙarfi yakan ƙare cikin kimanin minti 90. Ke nan bai kamata a jira sai an ji yunwa ba. A karya kumallo da abu mara nauyi kamar koko ko kunu, sa'a biyu kafin tashi. A hanya a riƙa cin dabino ko ayaba ko gyaɗa kaɗan-kaɗan. Ruwa kuwa, aƙalla rabin lita a kowace sa'a, fiye da haka idan da zafi. Gumi yana fita da gishiri, don haka yana da kyau a haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Jiri da ciwon kai da tashin zuciya alamu ne na bugun zafi. Wanda ya ji su ya faɗa nan take, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki. Idan ya fara ruɗewa, sai asibiti. Jin kunyar faɗin gajiya ya fi gajiyar illa.

9.6 Misalin Hanya: Nasarawa Zuwa Zariya

Ayarin da ya tashi daga Nasarawa zai hau titin Nnamdi Azikiwe, ya ƙetare Kogin Kaduna, ya bi ta Mando zuwa Kawo. Daga nan sai Rigachikun, Mararrabar Jos, Birnin Yero, Jaji, sannan Zariya. Tsakanin Kaduna da Zariya kimanin kilomita 80 ne, ban da ratsa gari. Ayarin da yake yin kilomita 20 a sa'a zai buƙaci sa'a biyar zuwa shida idan aka haɗa da hutu. Saboda haka a tashi da zarar gari ya waye, musamman a watannin Maris da Afrilu masu tsananin zafi. Da hunturu ƙura takan rage gani, da damina kuma kwalta kan yi santsi, birki ya rage kamawa. Hanyar tana da manyan motoci, don haka masu shiri su sanar da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da 'yan sanda, su bincika lafiyar hanya, kuma kada a yarda dare ya yi a kanta.

9.7 Kammalawa

An ga cewa tafiyar ayari ba gwajin ƙarfi ba ce. Abin da take bukata shi ne shiri da haƙuri da bin tsari. Sabon shiga da ya zabura tun a Kawo, shi ne za a jira a Jaji. Hausawa sun ce, sannu ba ta hana zuwa. Malamin da zai jagoranci ɗalibai a irin wannan tafiya ya sani amanar rayuka ce a hannunsa: ya nemi izinin iyaye da na hukumar makaranta, ya kuma fara da gajeriyar hanya.

9.8 Auna Fahimta

1. Bambance tsakanin tsere da tafiyar ayari.
2. Kwatanta tsarin ayarin fatake da na masu keke.
3. Kawo ladubba huɗu na tafiya cikin ayari tare da dalilin kowanne.
4. Ware kalmomin aro biyar daga wannan babi, a faɗi harshen da aka aro kowace.
5. Tsara darasin minti 40 ga 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare a kan sunayen sassan keke.