Amsoshin Tambayoyinku: Digiri ta Intanet ko na Zaman Aji?

Tambaya: Malam, ni malamar firamare ce a Funtuwa, ina da NCE da 'ya'ya uku. Ina son yin digiri, amma maigida ya ce karatun intanet ba karatu ba ne. Wanne ya fi, shi ko na zaman aji?

Amsa: Malama, Allah ya cika miki burinki.

Bari mu fara da damuwar maigida, domin tana da dalili. Karatu daga nesa ya daɗe. Ingila ta kafa Buɗaɗɗiyar Jami'arta tun 1969. Tamu ta Najeriya, wato NOUN, an kafa ta a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, sojoji suka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita zamanin Obasanjo. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma tana da cibiyar karatu daga nesa. Ɗaliban NOUN kuwa a cibiyoyinta suke zaman jarrabawa, masu sa ido na tsaye a kansu. Abin da za ki bincika kafin ki biya ko kwabo shi ne ko hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta amince da jami'ar da kuma kwas ɗin.

Ainihin bambancin yana ga wanda ke riƙe da akalarki. A aji, jadawali ne ke fito da ke da safe. Malami na ganin kin yamutsa fuska zai maimaita bayani. Wadda kuke benci ɗaya za ta ara miki littafi, ta tuna miki akwai gwaji ran Litinin.

A intanet babu mai kiran suna. Darasi na cikin wayarki, sai bayan isha'i za ki samu kanki: yara sun kwanta, kwanuka na jiran wanki, an ɗauke wuta, caji ya kusa ƙarewa. Wadda ta daure ta buɗe darasin a wannan hali, ita ce ke kaiwa ga digiri. Ladan wahalar shi ne albashinki bai tsaya ba, ba ki bar 'ya'yanki ba, kuma bayanin da ya shige miki duhu kina iya maimaita shi sau goma.

Ki kuma duba fannin. Likitanci da injiniyanci sai da asibiti da ɗakin gwaji, hannu na taɓawa, ido na gani. Fannin ilimi kuwa, ai kullum kina cikin ɗakin gwajinki, wato ajinki.

Shawarata, ki gwada kanki tun kafin ki sayi fom. Ki ware awa biyu kowane dare na tsawon mako biyu, ki yi karatu ba wanda ya sa ki. In kin cika, intanet zai karɓe ki. In kin ga sai da mai tuni, ki nemi digirin da ake yi wa malamai lokacin hutu, ki zauna a aji. Ko wanne kika ɗauka, zomo ba ya kamuwa daga zaune. Ki roƙi maigida ya zama shi ne mai duba cika alkawarin nan na mako biyu, domin abin da ya gani da idonsa zai fi maganata gamsar da shi.