Darasi: Zakara Mai Cin Zalin Kaji

Nan Rijiyar Zaki kusan kowane gida da kaji. Sau da yawa mu kan ga kaza bayanta ya kwaile, ƙeyarta da jini, mu ce ciwo ne. Galibi kuwa aikin zakara ne.

Dalili shi ne zakaru sun yi yawa, kaji sun yi kaɗan. Wajen hawa, zakara ya kan kama ƙeyar kaza da baki, ya taka bayanta da farce da ƙaimi. In abin ya yi yawa sai ta ji rauni, ta rame, ta rage ƙwai. 'Yan'uwanta kuma in sun ga jini sai su yi ta sararta.

To, zakara ɗaya ya isa kaji 10. Sauran mu yanka, ko mu sayar kafin Salla, lokacin da su ke da daraja.

In zakara ya faye mugunta, mu kife shi da kwando a inuwa kwana 3, da ruwa da tsaba. Ba mu yi hasara ba, gama kazar da aka hau ta kan yi ƙwai mai ƙyanƙyasuwa har kwana 10. Mu goge tsinin ƙaiminsa kaɗan, kada mu yanke, akwai jini ciki.

Kaza mai rauni mu wanke mata da ruwan gishiri mai ɗumi, mu ware ta har ta warke.

Tambayoyi
1. Kaji nawa zakara ɗaya ya isa?
2. Don me za mu ware kaza mai rauni?